Ɗakin Maud Lewis, Inda Har Murhu Ya Yi Fure

Kyanwoyi ne uku baƙaƙe wuluk, babba ɗaya da ƙanana biyu, sun yi zaman masu jiran a ɗauke su hoto a cikin ciyawa. Idanunsu rawaya ne, zagayayyu kamar sule, sun kafe ka da su ko ƙiftawa babu. Ta samansu reshe ya sunkuyo da furanni farare masu sirkin ruwan hoda, ta gabansu kuma wasu furannin, ja da ruwan ɗorawa, sun miƙe ƙyam kamar dogarai. Iyakar abin da ke cikin zanen ke nan. Amma daren da na fara ganinsa a fuskar waya, sai na ji murmushi ya suɓuce mini, alhali na fi wata guda rabona da fara'a.

A kwance nake a lokacin. Haɗarin babur ya karya mini cinya, aka ɗaure ƙafar, aka ce sai na yi wata uku ban taka ƙasa ba. Wanda bai taɓa irin wannan kwanciya ba bai san tsawon wuni ba. Makon farko 'yan dubiya sukan cika ɗaki, mako na biyu su ragu, zuwa na huɗu daga kai sai rufin ɗaki sai ƙarar fanka in an kawo wuta. Duk wata tsaga da ke jikin bango sai da na haddace ta. Ana cikin haka ƙanwata ta shigo wata la'asar ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Yaya, ga wani fim ka kalla, na wata mata ce mai zane. Ni dai sai da na yi hawaye." Na karɓa don kada ta ji babu daɗi. Kafin a kira magariba na gama shi, bayan isha na sake ɗauko shi daga farko.

Sunan fim ɗin Maudie. A 2016 ya fito, wata 'yar ƙasar Ailan mai suna Aisling Walsh ce ta ba da umarni, Sherry White ta rubuta labarin, tsawonsa bai cika awa biyu ba. Zuwa yau na kalle shi ya fi sau goma, kuma har gobe in ya zo wasu wurare sai na ji maƙogwarona ya ɗaure. Sai dai fim ɗin ƙofa ya buɗe mini. Abin da na tarar a ciki, wato zane-zanen matar da hannunta, shi ne ya riƙe ni har yanzu bai sake ni ba. A daren nan ban runtsa ba sai da na bi duk wani zanenta da na iya samu a intanet, kuma kyanwoyin nan uku su suka fara yi mini maraba.

Maud Dowley sunanta na gidan uba. An haife ta a farkon ƙarnin da ya wuce a yankin Yarmouth, can bakin lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, ƙasar masunta da ƙananan manoma, inda teku ya kewaye mutane, sanyi kuma yake cinye kusan rabin shekara. Mahaifinta John maƙeri ne kuma baduku, yana ɗinka kayan dawaki, gidansu da rufin asiri daidai gwargwado. Tun tana yarinya ciwon gaɓɓai ya kama ta, irin wanda yake cin mahaɗar ƙashi sannu a hankali yana lanƙwasa ta. Kafaɗunta suka zube, haɓarta ta dawo kusa da ƙirji, yatsunta suka fara nannaɗewa. Yara suka sa ta gaba da tsokana, ta bar makaranta da wuri ta koma gindin mahaifiyarta Agnes. Ita ce ta koya mata kaɗa fiyano, ta kuma koya mata zana katunan Kirsimeti da fentin ruwa suna sayarwa. Duk makarantar zanen da Maud ta yi a duniya ke nan.

Daga nan abubuwa suka riƙa kuɓuce mata ɗaya bayan ɗaya. A 1928 ta haifi 'ya mace ba da aure ba, aka ba wasu riƙon yarinyar, ba ta tashi a hannunta ba. Mahaifinta ya rasu a 1935, mahaifiyarta ta bi bayansa a 1937. Gidan ya koma hannun yayanta Charles, ita kuma ta koma garin Digby zaman cin arzikin 'yar'uwar mahaifiyarta, Ida. A can ne ta ji labarin wani tuzuru mai tallar kifi gida-gida, Everett Lewis, ya manna takarda yana neman mai aikin gida. Ta taka da ƙafafun nan nata har ƙofarsa a ƙauyen Marshalltown. A watan Janairu na 1938 aka ɗaura musu aure. Gidan da ta shiga ɗaki ɗaya ne na katako a bakin titi, kimanin mita huɗu tsawo, mita huɗu faɗi, da ɗan wurin kwana a ƙarƙashin rufi. Babu lantarki, babu famfo. Shekara talatin da biyu ta yi a cikinsa.

To, a nan abin al'ajabin yake. Matar nan ta dubi ɗakin da ko matalauci zai raina, ta ɗauki buroshi. Ta fara da bango. Ta bi ƙofa ciki da waje da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da furanni. Ta hau gilashin taga ta dasa masa furannin tulif, ta yadda duk hasken da zai shigo ɗakin sai ya ratso ta cikin fure. Matakalar hawa wurin kwana ta sha fenti, akwatin ajiye burodi ya sha, abin kwashe shara ya sha. Har murhun ƙarfen da suke girki da jin ɗumi da shi bai tsira ba, sai da ta yi masa furanni. Kai jama'a! Ni wannan murhun ne ya gama da ni. Murhu fa, abin da kowa ya sallama cewa baƙi ne, cikin toka da hayaƙi zai ƙare. Ita ba ta sallama ba. Ina kwance ina kallon hoton murhun nan, na juya na dubi bangon ɗakina da na yi wata guda ina ƙirga tsagoginsa, sai na ji zuciyata ta motsa a karon farko tun ranar haɗarin.

Sally Hawkins, 'yar wasan Ingila, ita ta fito a matsayin Maud, kuma ban san da wane baki zan yabe ta ba. Mun saba ganin yadda ake kwaikwayon nakasa a fim, a karkace baki, a ja ƙafa, a nemi tausayin 'yan kallo da ƙarfi da yaji. Ita shiga jikin ta yi ta zauna kamar a cikinsa aka haife ta. Dubi yadda take ɗago ido daga ƙasa saboda wuyan ba ya miƙewa, idon yana ƙyalli kamar na yarinyar da ta ɓoye alewa. Dubi yadda take mayar da magana ƙasa-ƙasa, a hankali, amma in ta sauka sai ta zauna daram. Ciwon yana ƙaruwa a jikinta daga shekara zuwa shekara ba tare da ka lura da ranar da ya ƙaru ba, sai can wajen ƙarshe ka farga cewa matar da ta tako doguwar hanya a farkon fim yanzu da ƙyar take ɗaga buroshi. Tubarkalla! Da aka zo rabon kyaututtukan fina-finan Kanada a 2018, Maudie ya kwashe bakwai, ciki har da na fim mafi kyau, da na darakta, da na jaruma. Ko ɗaya ba a ba shi don alfarma ba.

Ethan Hawke na Amurka shi ne Everett, mutum mai ɗaurarriyar fuska wanda gurnani ya fi yawa a bakinsa a kan magana. Tun da wuri ya jera mata matsayin kowa a gidan: shi ne farko, sai karnukansa, sai kaji, sannan ita. Akwai inda ya kwaɗa mata mari a gaban abokinsa, kuma har yau in na zo wurin sai na kau da kai. Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar fim ɗin gaba ɗaya. Ta koma ɗaki, hawaye na zuba, ta tarar da gwangwanin fenti, ta tsoma yatsa ta fara shafawa. Ba a sa mata dogon jawabi a baki ba, ba a cika mana kunne da kiɗan tausayi ba. Yatsa ne da fenti, kana ganin numfashinta yana daidaita. Duk wanda ya taɓa rasa inda zai kai kukansa zai gane wannan wuri ba sai an fassara masa ba.

Ina kuma ƙaunar yadda fim ɗin ya nuna sauyin mutumin ba tare da ya mayar da shi waliyyi dare ɗaya ba. Ta roƙe shi ya sa ƙofar raga saboda ƙudaje, tunda dole ta bar ƙofa a buɗe warin fenti ya fita. Ya ce atafau ba zai sa ba. Sai ga shi can ya zo da guduma, fuska a murtuke, yana kafa ta, ko kallonta bai yi ba. Haka soyayyar wasu mazan take, a hannu take fita, baki bai san da ita ba. Ga kuma hoton da ba ya barin idona: su biyu a kan siririyar hanya tsakanin ruwa da ruwa, yana tura ta a cikin amalanke, sama ta buɗe a kansu. A tsibirin Newfoundland aka ɗauki fim ɗin, mai ɗaukar hoto Guy Godfree kuma ya san abin da yake yi. Yakan ja da baya ya nuna maka ɗan gidan shi kaɗai tilo a fili, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat, sai tagar nan guda mai furanni tana haske kamar fitilar mai shayi da asuba.

Amma mu dawo kan zanen, don shi ya kawo ni.

Shanun Maud su ne na fi so bayan kyanwoyin. Bijimai biyu ne a jere sun fuskanto ka, karkiya a ɗaure a ƙahoninsu kamar yadda manoman yankin suke yi, da ƙararrawa a wuya. Kayan jikinsu a tsare suke, komai a mazauninsa, ka san 'yar baduku ce ta zana, wadda ta girma tana ganin fata da ƙarfe a hannun ubanta. Sannan sai ta yi musu gashin ido zara-zara kamar na amaren da suka sha kwalli. Wallahi ba za ka dube su ka ƙi yin murmushi ba. Akwai dawaki suna jan keken kan ƙanƙara, mutane a ciki sun sha jajayen riguna. Akwai jiragen masunta a tashar ruwa, tsuntsayen teku farare suna shawagi a kansu, ruwan shuɗi kamar yanzu aka tsamo shi daga marina. Akwai barewa da ɗanta a bakin tafki, akwai tsohuwar mota tana gangara tsakanin itatuwa masu fure, akwai 'yan yara suna wasa a kan tudu. Babu mai kuka a cikinsu, babu mara lafiya, babu wanda aka bari a baya.

Da wuya ka ga inuwa a zanenta. Abin ya shahara har hukumar fina-finai ta Kanada ta yi wani ɗan gajeren fim a kanta a 1976, aka raɗa masa suna mai ma'anar duniyar da babu inuwa. Da farko wannan ya ɗaure mini kai, don mu a nan inuwa rahama ce. Gindin bishiya muke gudu in rana ta take, wanda ya tsaya mana a rayuwa mukan ce muna ƙarƙashin inuwarsa. Sai da na tuna inda take zaune. A ƙasar da hunturu yake gajarta wuni, rana ta leƙo ta koma, mutum ya yi watanni a ƙunshe a ɗaki, haske shi ne abin da ake kwaɗayi kamar yadda muke kwaɗayin sanyin inuwa a watan bazara. Maud ta ba mutanenta abin da suka fi ƙishirwa. Ta zuba musu rana a ko'ina, har ƙarƙashin cikin sa.

Ba ta kuma jin tsoron karya dokar yanayi. A can, ganyen itatuwa yakan rine ya koma ja da rawaya gab da shigowar sanyi, sannan ya kakkaɓe kafin ƙanƙara ta sauka. A wurin Maud sai ka ga ƙasa ta yi fari sol da dusar ƙanƙara, itatuwa kuma suna tsaye da jajayen ganyensu jawur. Abin da ba ya haɗuwa a duniya ta haɗa shi a kan allo, don fari da ja suna kyau tare, ita kuma kyan take nema. Wannan 'yanci yana burge ni matuƙa. Jikinta ya hana ta abubuwa da yawa, mijinta ya hana ta wasu, talauci ya hana ta saura, amma a kan ɗan allon nan babu mai ce mata ga yadda za ta yi.

Yanzu ka tsaya ka ji yadda ake yin waɗannan zane-zane, don a nan ne ƙaunata gare ta ta koma girmamawa. A kusurwa take zama, kusa da taga, inda haske ya fi shigowa, da ɗan ƙaramin tebur a gabanta. Gwangwanayen kifin sadin su ne mazubin fentinta. A shekarun farko ragowar fentin gida da na jiragen ruwa take amfani da shi, duk abin da Everett ya samo, shi ne kuma yake yanko mata allunan. Ta yi zane a kan katako, ta yi a kan farantin gashi, ta yi a kan ɓawon kifin teku. Takan shafe allon da fari tukuna, ta fitar da siffa, sannan ta cike da launi kai tsaye, ba ta cika gauraya wani da wani ba, shi ya sa janta ja ne na gaske, korenta kore shar. Yawancin zanen ƙanana ne, bai fi faɗin faranti ba, saboda iyakar inda hannunta yake iya kaiwa ke nan. Da ciwon ya yi nisa, sai ta riƙa tallafe hannun da ke riƙe da buroshi da ɗaya hannun. Ka sake duban gashin idon bijiman nan, sili-sili, ka tuna da wane irin yatsu aka ja su.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji an ce ai mace ce mai sauƙin kai, Allah ya yi ta da fara'a, ba ta san damuwa ba. Ina! Matar da aka raba da 'yarta, ta binne iyayenta cikin shekara biyu, ta rasa gidan da ta girma, take kwana da ciwo ta tashi da shi, ita za a ce ba ta san baƙin ciki ba? Ta san shi ciki da bai, a ɗaki ɗaya suke kwana. Farin cikin da ke kan allunan nan aiki ne, kullum sai ta zauna ta ƙera shi da hannu, kamar yadda ubanta yake ƙera ƙarfe. Ba ta yi tafiya mai nisa ba a rayuwarta, duniyarta tsakanin Yarmouth da Digby take. Abin da take zanawa yawanci daga tunani yake fitowa: ƙuruciyarta, da 'yan shekarun da take bin Everett a tsohuwar motarsa yana tallar kifi tana sayar da katuna. Ta tsince ranakun daɗin da ta taɓa samu, ba su da yawa, ta yi ta juya su tana ƙara musu haske har ƙarshen ranta.

Wasu kuma sukan ce ai zanen yara ne, kuma abu ɗaya take ta maimaitawa. Gaskiya ne ta maimaita. Kyanwoyin nan ta zana su ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, haka shanun, don su masu saye suke tambaya, ita kuma da kuɗin ake cefane. Ban ga abin kunya a nan ba. Mai ɗinkin hula ba ya jin nauyin maimaita zanen da ya iya, kuma idon da ya san hula yana bambance ta jiya da ta yau. Jera kyanwoyin Maud guda biyar ka gani, kowace da irin kallonta. Batun zanen yara kuwa, duk mai faɗar haka ya ɗauki buroshi ya gwada sanya baƙi uku a tsakiyar allo, ya kewaye su da ja da rawaya da kore, ba tare da abin ya zama hayaniya ba. Matar nan ta san inda launi zai zauna ya yi nauyi da inda zai yi sauƙi, kuma babu wanda ya koya mata.

Abu guda ne zan riƙe wa fim ɗin, shi ma don ƙaunar Maud ne. Ya sassauta wa Everett. Marubuci Lance Woolaver, ɗan yankin Digby da ya daɗe yana bin tarihinta, ya fitar da littafi a kanta a 2016 wanda ya nuna mutumin ya fi haka tsanani da maƙo. Kuɗin zanen a hannunsa suke, yana ɓoyewa, gidan kuwa har ta mutu babu lantarki babu famfo, ko bayan da ciniki ya buɗe. Haka nan gaskiya ne cewa da hannuwanta suka gaza, shi ya ɗauki girki da shara ita tana zane. Mutum ne mai fuska biyu, fim ɗin ya fi haska mai kyan. Na yafe masa wannan saboda abin da ya yi a minti na ƙarshe, inda ya nuno ɗan guntun hoton ainihin Maud da Everett, baƙi da fari, a cikin ɗakin nasu. Tsohuwa 'yar ƙarama ta ɗago kai ta yi murmushi. Wannan murmushin kaɗai ya isa dalilin kallon fim ɗin.

Maganar kuɗi kuwa tana sa ni jin wani abu a ƙirji. Ta kafa ɗan allo a bakin titi mai sanar da cewa ana sayar da zane, matafiya su tsaya su saya a kan dala biyu, uku, biyar. Sai a 1965, da mujallar Star Weekly ta Toronto ta buga labarinta, gidan talabijin na CBC kuma ya nuno ta, sannan wasiƙu suka fara zuwa daga ko'ina, har fadar shugaban Amurka a zamanin Richard Nixon ta sayi guda biyu. Duk da haka farashin bai wuce dala bakwai zuwa goma ba a ƙarshen rayuwarta, ga oda ta yi mata yawa, ga jiki ya ƙi. A 2017 aka sayar da wani zanenta da aka tsinta a shagon kayan gwanjo a lardin Ontario a kan dala 45,000 na Kanada. A 2022 wani zanen nata na baƙar motar ɗaukar kaya ya tashi a kan dala 350,000. A 2020 hukumar gidan waya ta Kanada ta buga zanenta uku a kan kan sarki na lokacin Kirsimeti. Ita kuwa ko fitilar lantarki guda ba ta kunna a ɗakinta ba. Allah sarki.

Kwana uku bayan kallon farko na aiki ƙanwata kantin littattafai ta sayo mini fentin ruwa irin na 'yan firamare, mai kala goma sha biyu da ɗan buroshi a ciki. Ta yayyanka mini kwalin taliya, aka jingina ni da matashi. Zabuwa na fara zanawa, don ita nake ji tana kuka a gidan maƙwabta kowace safiya. Na yi mata ɗigo-ɗigon fari, na sa ta a kan ƙasa ja, na kewaye ta da furen da ban san sunansa ba. Da na ɗago kai, an kira la'asar. Awa biyu sun wuce ban tuna da cinyata ba ko sau ɗaya. Fenti bai ɗora mini ƙashi ba, wannan aikin likita ne da ikon Allah. Abin da ya yi mini shi ne ya ba ni dalilin jiran wayewar gari. Kafin in fara takawa da sanda, bangon nan mai tsaga ya cika da kwalaye: zabi, giginya, 'yan mata a bakin rijiya, da wata kyanwa baƙa mai rawayan ido don girmama uwar ɗakina Maud.

A cikin kwanakin ne na tuna da ɗakin kakata. Jeren kwanoni da tasoshi ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, masu furanni ja da shuɗi da kore, kuma kowace safiya sai ta goge su sun yi ƙyalli, ko da ranar ba a ɗora tukunya a gidan ba. Muna yara mun ɗauka al'ada ce kawai ta tsofaffi. Sai da wata mata daga bakin tekun Kanada ta nuna mini murhunta sannan na gane abin da kakata take yi. Allah ya jiƙanta da rahama.

Maud ta rasu ranar 30 ga Yuli, 1970, a asibitin Digby, ciwon huhu ne ajalinta, bayan shekaru tana shaƙar warin fenti da hayaƙin itace a ɗan ɗakin nan. Everett ya ci gaba da zama a gidan har 1979, lokacin da wani ɓarawo ya shiga neman kuɗi ya kashe shi. Gidan ya fara ruɓewa, furannin suna ɓarewa, sai mutanen yankin suka kafa ƙungiya don ceto shi. A 1984 gwamnatin lardin ta saye shi, masana suka kwance shi suka gyara a tsanake, kuma tun 1998 yana tsaye ɗungurungum a cikin gidan adana zane-zane na Nova Scotia a birnin Halifax, da ƙofarsa da tagarsa da murhunsa. A inda yake a da, a Marshalltown, an kafa siffarsa da ƙarfe daidai girmansa. Ina roƙon Allah ya ba ni iko wata rana in tsaya a gaban wannan ƙofa.

Mai karatu, nemi Maudie ka kalla, ka kalle shi da iyalinka, sannan ka rubuta sunan Maud Lewis a wayarka ka ba idonka abinci. In kuma kana da majinyaci a gida ko a asibiti, ranar da za ka je dubiya ka haɗa da fentin yara da buroshi ɗaya da ɗan kwali a cikin ledar lemon. Ka buɗe masa kyanwoyin nan uku, ka bar shi da su.